Ƙirar wuƙar girki da sanya mata ƙota: amsa ga mai koyon ƙira

Wani matashi da ke koyon ƙira ya aiko da tambaya, yana cewa ya ƙera wuƙaƙen girki guda uku daga tsohon sifirin mota. Ta farko ta tsage a lokacin da ya tsoma ta cikin ruwa. Ta biyu ta fito lafiya, amma ba ta riƙe kaifi. Ta uku kuwa ya kai wa mahaifiyarsa, ba a yi wata biyu ba ƙotarta ta fara girgiɗi. Yana neman a nuna masa inda yake kuskure.

Ɗana, Allah ya yi wa nemanka albarka. Daga yadda ka bayyana al'amarin na fahimci cewa hannunka ya saba da fartanya da gatari da lauje, kuma da wannan sabon ne ka tunkari wuƙar girki. Nan ne tushen matsalolin uku. Fartanya tana da kauri, saboda haka tana yafe wa maƙeri kurakurai da yawa a wuta, kuma idan ƙotarta ta saki sai manomi ya buga ta a kan dutse ta koma. Wuƙar girki siririya ce, kaifinta bai kai kaurin farce ba, sannan wuni take yi tsakanin ruwan wanke-wanke da tsamin tumatir. Duk abin da zan gaya maka a ƙasa daga waɗannan abubuwa biyu ya taso, wato sirantarta da kuma zamanta cikin ruwa.

Zaɓen da ka yi na sifirin mota ba laifi ba ne, domin da shi mafi yawanmu muke aiki, kuma ana samunsa cikin sauƙi a wuraren tsofaffin ƙarafa irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Abin da ke sa ƙarfe ya karɓi tauri shi ne sinadarin kabon da ke cikinsa. Sifirin mota galibi yana da kabon kimanin kashi 0.6 cikin 100, tare da ɗan kuromiyam ko silikon, kuma wannan ya isa wuƙa mai kyau wadda ba ta saurin karyewa. Tsohon magagari yana da kabon da ya kai kashi 1 ko ya ɗan wuce, don haka kaifinsa ya fi daɗewa, sai dai ya fi saurin ɓantarewa, ga shi wasu magagaran zamani bayansu kawai aka taurara, cikinsu ƙarfe ne mai laushi. Rodin gini kuwa kada ka ɓata gawayinka a kansa, domin kabon ɗinsa kaɗan ne kuma ba ya daidaita daga wannan sanda zuwa waccan. Haka nan ka nisanci duk ƙarfen da aka lulluɓe da farin sinadarin hana tsatsa irin na bututun ruwa, saboda hayaƙin da yake fitarwa a wuta yana kwantar da mutum.

Illar tsohon sifirin ita ce ya shekara yana lanƙwasa yana miƙewa a ƙarƙashin kaya, don haka wani lokaci akwai ƙananan tsaga a jikinsa da ido ba ya gani sai an taurara. Na taɓa asarar wuƙaƙe huɗu daga falle ɗaya kafin na gane cewa ƙarfen ne ya gaji tun kafin ya zo hannuna. Tun daga ranar ba na sayen fallen da ya karye a kan mota, kuma ina guje wa wajen ramin tsakiya da wuraren da tsatsa ta ci ta yi rami. Kafin ka soma aiki, ka yanki ɗan guntu, ka buga shi ya yi fale-fale, ka gasa shi, ka tsoma a mai, sannan ka nannaɗe shi da tsumma ka karya da guduma. Idan ya lanƙwashe, ƙarfen ba na wuƙa ba ne. Idan ya karye ƙas, ka duba wurin karayar. Ƙwayar da ta fito laushi, toka-toka, kamar garin da aka tankaɗe, ita ake nema. Wadda ta fito manya-manya tana ƙyalli kamar sukari tana nuna cewa wutarka ta yi yawa. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma wannan gwajin na minti goma yana ceton aikin yini guda.

Kafin ka hura wuta, ka tuna da hannun da zai riƙe wuƙar. A gidajenmu da yawa ba a kan katako ake yanka kuɓewa da alayyafo da albasa ba, a hannu ake riƙe su, wuƙar tana tafiya zuwa wajen babban yatsa. Irin wannan yanka yana son wuƙa marar nauyi wadda jikinta bai wuce santimita 14 zuwa 16 ba, faɗinta kamar santimita 3, kaurin bayanta milimita 2 zuwa 2.5 a wajen ƙota, yana raguwa har zuwa tsini. Idan mai girkin tana aiki a kan katako, sai a ƙara tsawon zuwa santimita 18 ko 20, a kuma ƙara faɗi don kada yatsunta su riƙa bugun katakon. Masu koyo sun fi faɗawa cikin barin kauri, domin wuƙa mai kauri ta fi sauƙin ƙira kuma tana da kwarjini a ido, amma idan ta shiga doya ko kabewa tsaga su take yi kamar gatari, ba yanka ba.

A wajen gawayi, na kirya shi ne wanda iyayenmu suka fifita, saboda yana da nauyi, yana riƙe zafi, ba ya yawan tartsatsi. Ka farfasa shi daidai girman goro, ka tara shi da zurfi yadda ƙarfen zai kwanta a tsakiyar garwashi, ba a bakin iskar zugazugi ba, domin iskar da ke bugun ƙarfe kai tsaye tana ƙona kabon ɗin samansa ta bar shi da laushi. Zafin ƙira shi ne daga launin ruwan lemo zuwa rawaya, wato tsakanin digiri 900 da 1,100 a ma'aunin Salshiyas. Idan ka ga ƙarfen ya yi fari yana fesar da tartsatsi a cikin wuta, wannan wurin ya ƙone, babu magani sai yankewa. Idan kuma ya sauko zuwa ja mai duhu, ka mayar da shi wuta, domin dukan sifirin da ya huce yana haifar da tsaga a ciki wadda ba za ta bayyana ba sai ranar tsomawa.

Tsarin dukan ba shi da wuya ga wanda ya iya fartanya, saboda haka zan taƙaita. Ka sa kurfi ka yanki tsiri mai tsawon kamar santimita 15 da faɗin 2.5 zuwa 3, ka miƙar da shi a kan uwar maƙera. Ka fara da tsini, kuma ya fi sauƙi ka datse kusurwar a karkace tukuna, don kada bakin ya buɗe gida biyu ya naɗe ya ɓoye tsaga a ciki. Daga nan ka ja jikin ya yi tsawo yana sirancewa zuwa gaba, sannan ka juya ka fitar da jela, wato sashen da zai shiga cikin ƙota. A nan akwai abin lura guda: kafaɗar da ke tsakanin jiki da jela kada ta zama kusurwa mai kaifi, ka bar ta da ɗan zagaye, domin wuƙaƙen da ke karyewa a bakin ƙota kusan duk daga wannan kusurwar karayar take farawa. Sa'ad da ka soma kwantar da gefen kaifi, za ka ga wuƙar tana lanƙwashewa baya, saboda gefen da ake duka yana ƙara tsawo. Ka gyara ta da gudumar icce a kan kututture, don kada ka ɓata bakin da ka riga ka sirantar. Ka riƙa ƙirga duka, abin da ka yi wa wannan fuska ka yi wa waccan, kuma ka riƙa share ɓawon da ke zuba a kan uwar maƙera, in ba haka ba masaɓa za ta dasa shi a jikin wuƙar ya bar tabo.

Yanzu mun zo wurin da wuƙarka ta farko ta mutu, kuma a nan nake so ka fi natsuwa. Ƙarfen da ya sha wuta mai yawa da duka, ƙwayoyin cikinsa sun yi girma kuma akwai ɗaurin da duka ya bari a jikinsa. Kafin a taurara shi dole a kwance wannan ɗaurin. Yadda ake yi shi ne a gasa wuƙar har ta kai inda maganaɗisu ya daina kama ta, a fitar da ita a riƙe a iska har jan ya ɓace ta yi baƙi, a maimaita haka sau uku, kowane karo zafin ya ɗan gaza na baya. Bayan haka sai a sake gasa ta a binne cikin busasshiyar toka ta kwana, da safe za ka same ta da laushin da magagari zai ci ba wahala. A wannan lokacin ne za ka daidaita siffarta, ka huda ramukan ƙusa a jela, ka goge duk zurfafan sawun magagari, musamman waɗanda suka ratsa kaifi a gicciye, domin kowane ɗaya ƙofa ce ta tsaga. Kada ka wasa ta tukuna. Ka bar bakin da kaurin milimita 1, saboda bakin da ya fi haka siranta yana murɗewa ko ya tsage a lokacin tsomawa.

Taurarawa ba a yinta da rana tsaka a fili, domin hasken rana yana ɓoye launin ƙarfe, ka ga kamar bai yi ja ba alhali ya wuce. Ka bari sai bayan magariba, ko ka yi a cikin rumfa mai duhu. Ka nemi maganaɗisun tsohuwar lasifika ka ɗaure a jikin sanda. Ƙarfe yana daina amsa maganaɗisu a digiri 770, kuma zafin da sifirin ke bukata yana sama da haka kaɗan, tsakanin 800 da 830, saboda haka idan maganaɗisu ya saki sai ka mayar da wuƙar wuta na ɗan lokaci har jan ya ƙara haske mataki guda, ba fiye ba. Ka sa bayanta a ƙasa, kaifi a sama, kana ja da ita gaba da baya, domin tsini da kaifi su ne ke riga ɗaukar zafi. Dabarar da ta fi taimaka mini ita ce binne guntun baƙin bututu mai kauri a cikin garwashi, a bar shi ya yi ja, sannan a zura wuƙar a cikinsa, sai zafin ya kama ta bai ɗaya daga tsini har kafaɗa.

Ruwan da ka tsoma wuƙarka ta farko a ciki shi ne ya ƙarasa ta. Idan ƙarfe mai kabon ya huce da sauri, tsarin cikinsa yana sauyawa ya zama mai tauri ƙwarai, kuma a wannan sauyin yana ɗan kumbura. Bakin wuƙa siriri ne, yana riga baya hucewa, sai ya zama wani sashe ya taurare ya kumbura yayin da na kusa da shi yake tsukewa, ƙarfen yana jan kansa ta fuska biyu. Ruwa yana tsananta wannan, domin sanyayawarsa tana da ƙarfi, ga tururin da ke lulluɓe wani wuri ya bar wani. Gatari mai kauri wanda bakinsa kawai ake tsomawa yana iya tsira, amma siririyar wuƙa ta sifirin ba kasafai take tsira ba, kuma ba ta ma bukatar ruwan, saboda kuromiyam ɗin da ke cikinta yana sa ta taurara ko da sanyayawar ta yi sauƙi. Man gyaɗa ya ishe ka. Ka zuba lita 3 ko 4 a cikin gwangwani mai zurfi da murfi, ka ɗumama shi ta hanyar tsoma jan guntun ƙarfe har ya kai kamar digiri 50, domin mai ɗumi ya fi tsinkewa kuma ya fi sanyaya ƙarfe daidai. Na san wasu suna amfani da baƙin man inji, amma ban yarda da shi ba, hayaƙinsa guba ne ga mai shaƙa, kuma wuƙar nan abinci za ta taɓa. Ka ɗauko ta da awartaki, ka zura ta a miƙe, tsini a gaba, ba tare da jinkiri tsakanin wuta da mai ba, kana motsa ta ta fuskar yanka kawai. Kaɗa ta gefe da gefe shi ke sa ta karkace. Idan man ya kama da wuta, ka rufe murfin, kada ka kuskura ka watsa ruwa.

Idan ta huce ka goga mata magagari a baki. Idan ya zame yana ƙara kamar a kan gilashi, ta taurara. A wannan halin gautsi gare ta, ko faɗuwa ƙasa tana iya karya ta, kuma idan aka bar ta ta kwana haka tana iya tsagewa da kanta. Saboda haka a daren nan za ka sassauta mata. Mai obin ɗin gashi sai ya sa ta a digiri 200 na awa ɗaya, ya fitar ta huce, ya sake sa ta awa ɗaya. Wanda ba shi da shi sai ya goge fuska ɗaya ta yi fari, ya gasa wani kakkauran ƙarfe ya yi ja, ya ɗora bayan wuƙar a kansa yana kallon launin da ke tafiya daga baya zuwa kaifi. Farko za a ga launin busasshen kara, sai ruwan zuma, sai ruwan ƙasa, sai shunayya, sannan shuɗi a wajen digiri 300. Abin da ake so a bakin wuƙar girki shi ne tsakanin launin kara da ruwan zuma, da zarar ya iso sai a tsoma ta a tsayar da shi. A ganina ruwan zuma ya fi dacewa da gidajenmu, domin a kan dutse ko bakin siminti ake wasa wuƙa, kuma ba a rasa ranar da za a sara ƙashin kaza da ita, wuƙar da ta cika tauri kuwa ba ta jure wa ko ɗaya. Jela da kafaɗa su kam a kai su har shuɗi, bayan an naɗe jikin wuƙar da jiƙaƙƙen tsumma.

Wuƙarka ta biyu wadda ba ta riƙe kaifi, ɗayan abubuwa huɗu ne ya same ta, kuma kai za ka fi ni sanin wanne. Ko dai ba ta kai zafi ba kafin tsomawa, ko ka bar launi ya wuce zuwa shuɗi a baki, ko iska ta cinye kabon ɗin samanta, ko kuma ka ƙona bakin a kan injin gurza bayan taurarawa. Na ƙarshen nan ya fi yawa a wannan zamani. Bakin wuƙa ba shi da naman da zai ɗauke zafi, daƙiƙa biyu a kan inji sun isa su kai shi shuɗi, kuma duk inda ya yi shuɗi taurin ya tafi. Ka yi gurzar da hannu tsirara ba safar hannu, don ka ji zafin da wuri, kana tsoma ta a ruwa bayan kowane wucewa. Ka gwada wuƙar da magagari: idan ya ci sama-sama sannan ya fara zamewa, ɓawon laushi ne kawai, wasawa za ta kai ka ga ƙarfe mai kyau. Idan ya ci har ciki, sai an sake taurarawa daga farko.

Sai batun ƙota. Ina kyautata zaton ka yi abin da aka saba, wato ka gasa jelar ta yi ja ka tura ta cikin icce ta ƙona wa kanta hanya. A ranar farko irin wannan ƙota tana kamawa gam, shi ya sa ake yaudaruwa da ita. Abin da ke riƙe da jelar a ciki kuwa gawayi ne, kuma gawayi yana rududdugewa. Ruwan wanke-wanke yana bi ta bakin ramin ya shiga, iccen ya kumbura ya bushe, ya sake kumbura ya bushe, jelar ta yi tsatsa, cikin 'yan makonni ramin ya fi jelar faɗi. Ban da girgiɗi, wannan ramin yana tara ruwan nama da guntun abinci inda soso ba ya kaiwa, kuma wannan ya fi damuna fiye da girgiɗin. Sannan idan bayan taurarawa aka yi ƙonawar, zafin yana gangarowa ya kashe taurin wuƙar a kusa da kafaɗa.

Iccen kansa ma yana da nasa laifin. Iccen da aka sassaƙa da damina ko wanda bai gama bushewa ba, hunturu na zuwa zai tsuke ya tsage. Ana son icce mai ƙarfi, mai matsattsiyar tsoka, wanda ya bushe a inuwa aƙalla shekara guda. Kirya da marke da aduwa da kanya duk suna yi, haka ma zuciyar tsamiya. Madobiya tana da kyau ƙwarai a ido da hannu, sai dai saran da aka yi mata don fitarwa waje ya yi yawa har tun 2017 aka saka ta cikin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe, saboda haka ni ba na saye sai in na samu guntu daga tsohon kaya. Mafi kyawun wurin samun busasshen icce shi ne karyayyiyar taɓarya ko tsohuwar ƙotar gatari, domin sun ga damina da rani da yawa, sun gama duk motsin da za su yi.

Ga yadda nake sanya ƙota mai ɓoyayyiyar jela. Tsawon ƙotar santimita 11 zuwa 12, jelar kuma ta kai aƙalla kashi biyu cikin uku na wannan tsawo, mai faɗi a kafaɗa tana sirancewa a hankali. Kafin komai ina naɗe jikin wuƙar da kwali in ɗaure, don kare hannu. Ina barin iccen a matsayin guntu mai kusurwa huɗu, in huda ramuka biyu ko uku a jere da injin huda, in haɗe su da siririn magagari ko tsohon zarto da aka rage wa faɗi, ina gwadawa ina cirewa har jelar ta shiga ta zauna ba tare da duka ba. Idan ba makawa sai an yi ƙona, to a ƙera wata jela ta daban mai siffa ɗaya amma ta ɗan fi ƙanƙanta, a ƙona da ita, sannan a kankare baƙin gaba ɗaya har a tarar da farin icce. A bakin ƙotar ina sa zobe da na yanka daga bututun jan ƙarfe, faɗinsa kamar santimita 1.5, wanda ke hana iccen tsagewa a inda ya fi rauni. Sai in kakkarta jelar da magagari, in goge ta da sifirit don kada mai ya rage, in cika ramin da gam mai haɗi biyu irin su Araldite, in tura jelar har gam ɗin ya tumbatso ta baki. Wannan tumbatsar ita ce shaidar cewa babu gurbin da ruwa zai zauna. Gam mai daɗewa kafin ya kama ya fi mai kamawa cikin minti biyar ƙarfi, kuma yana ba ka lokacin duba ko wuƙar ta zauna a miƙe. Ka bar shi awa 24.

Duk da haka ba na dogara ga gam shi kaɗai, domin akwai ranar da za a bar wuƙar a bakin murhu ko a cikin tafasasshen ruwa. Ina ratsa ƙusar tagulla mai kaurin milimita 3 ko 4 ta cikin icce da ramin da na huda a jela tun kafin taurarawa. Wata hanyar ita ce a bar jelar ta fito ta gindin ƙota, a sa mata ƙaramar wosha, a dandatse kanta da ƙananan duka har ya baje. Idan kuma ka zaɓi ɗaya tsarin, wanda jela take da faɗin ƙota a manna mata fallen icce biyu hagu da dama, to ka tabbata fuskokin sun kwanta sumul babu inda haske ke ratsawa, ka gama gyara da goge gaban fallayen kafin mannawa domin bayan haka ba za ka kai gare shi ba sai ka karce wuƙar, sannan ka sa ƙusa biyu ko uku. Wajen dandatsar kan ƙusa ka tausasa hannu, saboda tagulla tana kumbura a cikin rami, duka ɗaya da ya wuce kima yana tsaga iccen da ka yini kana gyarawa.

Bayan gam ya kama ne ake sassaƙa. Kada ka yi ta zagaye kamar sanda, domin ƙota mai zagaye tana juyawa a jiƙaƙƙen hannu kuma mai riƙe da ita ba ta sanin inda kaifi ya fuskanta sai ta duba. Ka yi ta da siffar ƙwai, tsayinta daga sama zuwa ƙasa ya fi faɗinta, da ɗan kumburi a tsakiya. Ka tuna hannun mahaifiyarka zai yiwu ya fi naka ƙanƙanta, don haka ka kai mata ta riƙe kafin ka gama. Ka bi da sanfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, ka ɗan jiƙa iccen ya bushe don gashinsa ya tashi, ka sake gogewa. Fenti mai ƙyalli yana ɓarewa kuma yana santsi, man gyaɗa kuwa yana yin ɗoyi idan ya daɗe a icce. Abin da nake shafawa shi ne kakin zuma da aka narkar da ɗan man kaɗanya, a shafa da ɗumi a murza da tsumma, a maimaita sau biyu ko uku.

Wasawa ita ce ta ƙarshe, a kan dutse da ruwa, kowace fuska a kwance kamar digiri 15 zuwa 20, har sai ka ji ɗan ƙaiƙayin ƙarfe ya juyo ta ɗaya gefen tun daga kafaɗa har tsini, sannan ka juya, ka ƙarasa a kan fata. Nunannen tumatir shi ne alƙali, idan ta shiga fatarsa ba tare da dannawa ba ta yi. Ka gaya wa mahaifiyarka cewa wuƙar za ta yi duhu-duhu bayan ta yanka albasa da lemon tsami, wannan ba tsatsa ba ce, yana ma kare ta, kada ta kankare. Jan tsatsa ne abin gudu, kuma maganinsa shi ne a wanke a goge nan take, kada a bar ta a jiƙe cikin kwanon wanke-wanke.

Wuƙar da ke hannunta yanzu ba sai an jefar ba. Ka karɓo ta, ka fasa tsohuwar ƙotar, ka kankare tsatsar jelar har ƙarfe ya fito fari, ka gwada wajen kafaɗa da magagari ka ga ko ƙonawar ta taɓa taurin kaifi. Idan santimita ɗaya ko biyu ne kawai suka yi laushi, za ta ci gaba da aiki haka. Jelar da aka taɓa gasawa ta huce a cikin icce galibi tana huduwa, idan kuma ta ƙi, ka naɗe jikin da jiƙaƙƙen tsumma, ka gasa wurin ramin kaɗai har ya wuce shuɗi ya koma toka-toka, ka bar shi ya huce a hankali, sannan ka huda ka sanya sabuwar ƙota da zobe da ƙusa kamar yadda na bayyana.